Shanun Aro

Wajen ƙarfe huɗu na yammar Alhamis, yayyafin da ya fara tun asuba bai ɗauke ba, iska kuma tana tasowa daga teku tana ratsa mutum har ƙashi. Ina bayan gida ina kwashe taki daga ɗakin shanu sai na hango Bartley Considine yana gangarowa ta gonarsa, hula a jiƙe, hannaye cikin aljihu.

Bartley maƙwabcinmu ne, katangar dutse ɗaya ce ta raba gonarsa da tamu. Ya ba arba'in baya, matarsa ta rasu bara waccan ta bar shi shi kaɗai a gida. Ba mai yawon gidajen mutane ba ne, shi ya sa na jingine cebur na bi shi ciki.

Ya gaida Inna, ya zauna a bakin murhu yana ɗumama hannuwa. Ya yi zancen ruwa, ya yi zancen kasuwar aladu, ya yi zancen dokinsa da ke ɗingishi. Sai da shayinsa ya huce sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Ranar Asabar za a zo taka masa gona, yana neman aron shanunmu na yini guda.

Wannan ba abin kunya ba ne tsakanin maƙwabta. In uban yarinya zai zo ya zagaya gonar mai neman 'yarsa kafin a tsayar da magana, kowa yakan yi wa gonarsa kwalliya. Wani ya ari shanu, wani ya ari garma, na san wanda ya ari agogon bango. Uban ma ya san ana yi, don shi ma ya yi a zamaninsa. Abin da ba a yafewa kawai shi ne a kama ka.

Inna ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce ai shanun nasa ne, ni zan koro masa su da sassafe. Sannan ta gyara zama ta tambaye shi wace mai sa'ar ce.

Bartley ya zuba wa wuta ido.

"'Yar Dinny Clune ce. Sabina."

Bai dube ni ba. Daga nan na gane ya sani.

Kowa ma ya sani. Ni da Sabina ba mu taɓa ɓoyewa ba, sai dai ba mu taɓa faɗa ba. Shekara da shekaru ni nake raka ta gida daga wurin rawa, ni nake ɗaga mata garwar madara in mun haɗu a hanya. Ga shi Talata mai zuwa ita ce ranar ƙarshe ta ɗaurin aure. Daga washegari, Larabar Toka, azumin coci ya kama, Fada limamin cocinmu ba ya ɗaura aure, kuma a yankinmu wanda bai yi kafin azumi ba, to sai baɗi in da rai.

Da Bartley ya tafi, Inna ta shiga kwashe kofuna kamar ba a yi komai ba. Na tsaya a tsakar ɗaki, na rasa inda zan ajiye hannuwana.

"Inna, kin ji sunan da ya faɗa."

"Kunnena lafiyarsa lau."

"To?"

"To me? Mutum yana da gona da sunansa, ya nemi mata. Kai yaro ne tukuna."

Saura kaɗan in cika talatin. Amma haka abin yake, muddin ba a rubuta maka gona ba, yaro kake ko da furfura ta fito maka a gemu. Tun da Baba ya rasu gonar tana hannun Inna, kuma babu uban da zai ba da 'yarsa ga mutumin da ko kazar gidan ba tasa ba ce.

Ban iya ɗaga murya ba, ban taɓa iyawa ba. Na dai gaya mata a hankali cewa bara ta ce baɗi, bara waccan ma haka ta ce. Na ce ba korarta nake nema in yi ba. Na ce ta san Sabina tun tana goye, ta san halinta.

Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta nuna ƙofar da ke bayan murhu. Ɗakin yamma ke nan, inda tsofaffi ke komawa in sun miƙa gida ga ɗa da matarsa.

"Ka san wa ya ƙare rayuwarsa a can? Kakarka. Ranar da na shigo gidan nan amarya, da hannunta ta miƙo mini makullin akwatin shayi. Ni kuwa na karɓa ina murna, don ban san komai ba. Daga ranar, in tana son ƙwai sai ta tambaye ni. Kajin da ita ta kiwata. Ban zalunce ta ba, Allah ya sani, ban taɓa hana ta ba. Amma sai ta roƙa, Malachy. Kullum sai ta roƙa."

Hawaye suka gangaro mata. Rabon da in ga haka tun ranar da muka binne Baba.

"Ba yarinyar nake ƙi ba," ta ce. "Roƙon nake tsoro."

Na zauna kusa da ita. Can na ce to ko shanun ne a hana, a ce ɗaya ba ta da lafiya.

Nan take ta share ido da gefen zaninta, ta koma Innar da na sani. Ta tuna mini cewa Bartley ne ya haƙa kabarin Baba cikin ruwan sama. Ta tuna mini dokin wa ke yi mana huɗa duk shekara ba a taɓa ce mana kawo ba. Ta ce ta riga ta ba da baki, kuma tun da aka kafa gidanmu na Talty ba a taɓa cewa sun hana maƙwabci aro ba, ba kuma a kanta za a fara ba.

Washegari da hantsi na tare Sabina a bakin gada, inda takan bi da amalanken jaki in ta kai madara. Ta hango ni tun daga nesa, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Da ta iso ta ja linzami.

"Ga mai shanu," ta ce.

Ashe labari ya riga ni. Thady Garrihy, mai dalilin auren da ya haɗa maganar, bakinsa kamar rariya yake.

Na kama bakin amalanken na tambaye ta ko tilasta mata aka yi. Ta girgiza kai. Ta ce babanta ya zaunar da ita ya tambaye ta, ita da bakinta ta ce a je a ga gonar.

"Don me, Sabina?"

"Don Yaya Austin." Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar. "Ka san ba zai shigo da mata ba ina zaune a gidan. Dukiyar da matarsa za ta shigo da ita, ita za a ba ni in fita da ita. Yarinyar ta gaji da jira, 'yar'uwarta ta aiko mata kuɗin jirgi daga Amurka. Ta ce in azumin nan ya kama ba a yi ba, ta tafi. Yaya ba ya ce mini komai. Gara ma ya zage ni. Sai ya zauna yana cin dankali yana kallon bango, ni kuma na san ni ce dutsen da ya tare ƙofa."

Na ce ta ƙara mini haƙuri kaɗan, ina kan Inna.

Ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Na dafa, Malachy. Ruwan ya ƙone, tukunyar ta tsage."

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Bara, Lahadin farko na azumi, ranar da yara ke bin duk wanda bai yi aure ba suna zana masa alli a baya, sun zana mata ba ta ji ba. Haka ta ratsa coci tun daga ƙofa har gaba da farin zane a mayafinta, mata suna rufe baki. Sai da ta koma gida ta gani. Ta ce a rafi ta wanke shi, don kada babanta ya ga tana kuka.

"Kai ma sun zana maka, na gani. Ka kaɗe kwat ɗinka kana dariya. Ku maza abin dariya ne a wurinku."

Yanzu kuka take sosai, ba ta ma gogewa. Jakin ya sunkuya yana cin ciyawar gefen hanya. Na ce, ban san yadda aka yi ya fita ba, ko tana son Bartley.

"Ba shi da mugunta. Zan share masa gida, in dafa masa, in ba shi girmansa. Kuma kullum safiya in na fito zubar da toka zan hango ka ta kan katanga. Har mu tsufa. Ka taɓa tunanin wannan?"

Na taɓa. Daren jiya babu abin da na tuna sai shi.

Ta ja mayafi ta rufe kai, ta gyara linzami. Kafin ta kaɗa jakin ta dube ni sosai.

"Abu ɗaya nake roƙonka. In aron dole ne, Bartley ya zo ya kori abinsa da kansa. In ka kora shanun nan da hannunka, to ni ka kora gidansa. Kada ka sake kiran sunana."

Ranar Asabar ruwa ya ɗauke amma gari bai washe ba. Na gaya wa Bartley ƙafata ce ke ciwo, ya zo ya kora da kansa. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce to.

Na kwashe duwatsun giɓin katanga na koma gefe na tsaya.

Shanunmu huɗu ne, uwarsu kuwa wata ja ce mai farin goshi da muke kira Goshi. Ba ta jin maganar kowa sai tawa da ta Inna. Bartley ya ɗaga sanda, ta juya masa baya. Ya zagaya, ta nufi fadama, sauran suka bi ta. Ya bi su da gudu, santsi ya kwashe shi ya zube a taɓo. Ya tashi, ya sake bi, ya sake faɗuwa. Mutumin da ya aske gemu tun asuba, ya sa wandonsa na zuwa coci.

Bai kira ni ba. Da ya kira ni wataƙila da na iya daurewa.

Na yi wa Goshi fito sau ɗaya. Ta ɗago kai ta taho, na sa su gaba na shigar da su gonar Bartley, na mayar da duwatsun a gurguje.

Sai da na miƙe sannan na ɗaga kai. Gidan su Sabina yana kan tudun da ke fuskantarmu, babu abin da ake yi a gonakinmu da ba a gani daga can. Akwai mace tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta shiga, aka rufe ƙofar.

Bayan cin abincin rana Thady ya iso da Dinny Clune. Dinny gajere ne, mai ƙaramin ido, ba ya gaggawa da komai. Bartley ya roƙe ni in tsaya in riƙa buɗe musu giɓi, na tsaya, don a lokacin ban ga abin da ya rage da zan ɓata ba.

Dinny ya taka gonar nan kamar mai neman allura. Ya caka sanda a ƙasa ya duba abin da ta ɗebo. Ya zura hannu har gwiwa cikin tarin ingirici ya zaro ya sansana. Ya ɗanɗani ruwan rijiya. Ya girgiza ƙofar ɗakin aladu. Thady kuwa yana biye da shi bakinsa bai huta ba, wai ƙasar nan in ka manta sandarka a ciki da yamma, da safe sai ka tarar ta yi ganye. Dinny ya ce to ya kula da tasa, don ita ce kaɗai dukiyarsa.

Bartley yana baya, ya canza wando. Wuyan kwalbar wuski ya leƙo daga aljihun kwat ɗinsa, wadda za a buɗe in an tafa hannu.

Daga ƙarshe muka iso wurin shanu. Guda bakwai suna kiwo a gangare, gwanin kyau. Dinny ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ƙugu, ya duba hantsa. Da ya zo kan Goshi sai ya tsaya yana sosa mata tsakanin ƙaho.

"Malachy, ɗan Delia. Jar nan kamar na santa."

Thady ya daina magana. Bartley ya dubi takalmansa.

Kalma ɗaya ce. Ba sai na yi ƙarya ba ma, gaskiya kawai zan faɗa. Na ji ta a kan harshena. Sai na tuna Bartley a cikin ramin kabarin Baba har ƙirji, ruwa yana zuba a kansa, yana jefo ƙasa waje.

"Shanun yankin nan duk bijimi ɗaya ya haife su, Baba Dinny. Dole su yi kama."

Thady ya fashe da dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Dinny ya daɗe yana kallona da ƙaramin idon nan, sannan ya ce haka ne.

Suka koma gefe suka yi 'yar jayayya kan dukiyar da amarya za ta zo da ita, Thady yana jan wannan yana jan wancan. Rana ta yi ƙasa, sanyi ya fara sauka. Can Dinny ya tofa yawu a tafin hannunsa, alamar an daidaita. Thady ya kama wuyan hannunsa, ya kamo na Bartley, zai haɗa su.

Sai muka ji ƙarar bokiti.

Inna ce. Tana tsaye a kan dutsen da ke bayan gidanmu tana buga gindin bokiti da ludayi, tana jan kiran da take yi kowace yamma in lokacin tatsa ya yi. Muryarta ta ratso kwarin nan tas.

Goshi ta ɗago kai da ciyawa a baki. Ta amsa. Ta juya ta gangara da sassarfa, uku suka rufa mata baya. Da suka isa giɓin da na toshe a gurguje ba su ko tsaya ba, duwatsun suka zube, suka wuce gida a jere kamar 'yan makaranta.

Shanun Bartley uku suka ci gaba da kiwonsu.

Thady ne ya fara farfaɗowa, ya ce shanun Bartley akwai zumunci, gaisuwa suka tafi yi. Babu wanda ya taya shi.

Dinny ya zare hannunsa, ya goge tafin a wando a hankali.

"Ni ma na ari shanu a zamanina, Bartley. Amma ni kurame na ara."

Thady ya shiga tsakani, ya ce ai sai a sake lissafi, uku ma shanu ne, a rage nan a ƙara can. Bartley ya ɗaga masa hannu. Fuskarsa ta yi ja har kunne, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce a bar shi haka. Ya ce kafin gobe labarin ya zagaye coci, kuma ba zai kawo mace gidan da za a riƙa yi mata kukan saniya a hanya ba. Ya ba Dinny haƙuri kan wahalar da ya sha, ya juya ya nufi gida.

Na ji kamar in nutse. Abin da na kwana ina roƙon Allah ke nan, amma ba ta wannan hanyar ba.

Dinny ya cusa taba a lofensa, ya kunna, ya dubi giɓin. Ya ce tun da takalmansa sun riga sun ɓaci, bari ya je ya ga inda shanu masu ladabi irin waɗannan suke kwana. Ya tsallaka duwatsun ya shiga gonarmu. Na bi shi.

Mun tarar da Inna a ɗakin shanu, ta kafa goshi a cikin Goshi tana tatsa. Ba ta ɗago ba.

"Delia, kin ɓata mini yini."

"Mantuwa ce, Dinny. Tsufa."

"Mantuwa? Ke da har yau ba ki manta na taka miki ƙafa a wurin rawa ba, tun muna samari."

"Ƙafar ce ba ta manta ba."

Ya jingina da ƙofa yana busa hayaƙi. Ya ce yana tahowa ya ɗan duba gonarmu ta ƙasa, ya tausaya mana. Wai duk ruwa ce, ko agwagwa aka saka a ciki sai ta nutse. Ya ce yanzu ya gane abin da ya sa ba a taɓa gayyatar kowa ya taka ta ba.

Ƙarar madara a bokiti ta tsaya.

"Wace gonar ce duk ruwa?"

"Ta ƙasan nan."

"Gonar da alkamarta ta kai wa mijina kafaɗa? Kai da gonarka rabinta duwatsu, akuya ma sai ta yi addu'a kafin ta hau?" Ta miƙe, ta goge hannu, ta fizgi mayafinta daga ƙusa. "Wuce mu je. Ka caka sandar taka ka gani, kafin ka je kana ɓata mini ƙasa a bakin coci."

Na tsaya kamar an dasa ni. Babu yaron da bai sani ba a yankinmu, wanda ba shi da niyyar miƙa gona ba ya zagayawa da uban yarinya a cikinta.

Da ta zo wucewa ta gabana ba ta dube ni ba. Idonta ya yi ja.

"Ƙarasa tatsar," ta ce. "Ka tsaya kamar turke."

Na zauna na ƙarasa. Daga can ƙasa iska tana kawo mini muryoyinsu guntu-guntu. Ba faɗan gona suke ba yanzu. Inna ce ke jero abin da zai zama nata har ta mutu, kuma sai an rubuta a gaban lauya, Dinny yana cewa ko sarauniya ba ta nemi haka ba.

Da suka dawo, Inna ta shige gida. Dinny ya tsaya yana kankare taɓon takalminsa a jikin dutse.

"Gona na taka," ya ce. "Ba ta kai yadda uwarka ke faɗa ba, amma ba laifi. Sai dai har yanzu ban ji bakin kowa ba. Gobe in an taso daga coci ina gida. Mai magana ya zo yadda mutane ke zuwa."

Na ce to, Baba.

Ya yi taku biyu, ya juyo.

"Sabina tana bakin ƙofa ɗazu da safe. Ban san abin da ta gani ba, amma tun lokacin ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Na taɓa tambayarta sau ɗaya ta amsa. Ba zan amsa mata na biyu ba. Wannan ba gonar da zan taka maka ba ce."

Ya tafi.

Na kasa shiga gida, na kasa zama. Haske bai gama ɗaukewa ba, sai na gangara wurin giɓin na fara ɗora duwatsu. Ina ɗorawa ina jera maganar da zan yi wa Sabina, kowace na jera sai ta rushe. In ce tausayi ne? Ta riga ta san tausayina, shi ne ya cinye mata shekaru. In ce ai ga shi abin ya zo da alheri? Ba ni na kawo shi ba. Na ɗaga kai na dubi tudun. Hayaƙi yana tashi daga gidansu, ƙofar tana nan a rufe.

Ban ji zuwan Bartley ba sai da na ga hannu ya ɗauki dutse daga ɗaya gefen. Muka yi ta aiki, shi a nasa ɓangaren ni a nawa. Sai da katangar ta kai ƙugu ya yi magana.

"Kai ka sa innarka ta kira su?"

"A'a."

"Na sani. Ba ka da wannan wayon."

Muka ɗora na saman. Ya girgiza su da tafin hannu ya ga sun zauna. Na so in ba shi haƙuri, shi kuma bai tsaya jira ba. Ya gyara hularsa ya kama hanyar gida.

Na sunkuya in ɗauki kwat ɗina. Da na ɗago sai na ga kwalbar wuskin nan a tsaye a kan katanga, ta ɓangarena, ba a ko taɓa murfinta ba. Sai a lokacin na tuna ba a shiga gidan uban yarinya neman aure hannu wofi, ni kuwa ko tunanin abin ban yi ba.

Na buɗe baki in kira shi. Ya riga ya yi nisa, hannaye cikin aljihu, bai waiwayo ba.